Fashin Baƙi: Me Ya Sa Irin Alkamar Da Aka Ce Yana Jure Tsatsa Yake Faɗuwa Bayan 'Yan Shekaru?

Duk lokacin da labarin ɓarkewar tsatsar alkama ya fito daga wata ƙasa, tambaya ɗaya ce take biyo baya: ba wannan irin ne aka ce an gwada shi, an tabbatar tsatsa ba ta kama shi ba? To, yaya aka yi ta cinye shi? Manomi yakan ce jabu aka sayar masa. Wani ya ce masu bincike aikin ganin ido suka yi. Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan masu sayar da maganin feshi, wai da gangan ake sakin iri mai rauni domin kasuwarsu ta buɗe. Jabun iri akwai shi, babu musu. Amma a manyan annobar da aka bi diddiginsu, irin na gaskiya ne, gwajin ma da gaskiya aka yi shi. Cutar ce ta sauya, irin kuwa yana nan yadda yake.

Kafin a gane yadda hakan yake faruwa, sai an san ita kanta tsatsar, an san yadda ake tantance iri a kanta, sannan a san iyakar alkawarin da wannan tantancewa za ta iya ɗauka.

Mece ce tsatsar alkama?

Cuta ce da wasu ƙananan halittu dangin funfuna suke haddasawa. Sunan ya dace da ita, domin wanda ya ratsa gonar da ta kama zai fito tufafinsa sun rine da jan gari, kamar ya goga jikinsa da tsohon ƙarfe. Wannan garin shi ne irin cutar. Kowane ɗan ƙurji da ya fashe a jikin kara ko ganye yana amayar da dubban ƙwayoyi, iska ta kwashe su, duk wadda ta sauka a kan wata alkamar ta samu raɓa ta 'yan sa'o'i sai ta tsiro ta kutsa ta ƙofofin numfashin ganye. Mako ɗaya zuwa biyu, ita ma ta zama ƙurji mai fitar da nata garin. Haka abin yake ninkuwa, shi ya sa gonar da aka gani kore shar a farkon wata za a iya tarar da ita ta ƙone kafin wata ya mutu.

Tsatsar alkama kala uku ce. Tsatsar kara ita ce mafi muni. Tana son ɗumi, ƙurajenta dogaye ne jajaye masu duhu, tana tsaga fatar kara ta tare hanyar ruwa da abinci zuwa zangarniya. Ƙwaya ta yamushe, kara ya yi rauni ya kwanta, gona guda ta tashi a banza saura 'yan makonni a yi girbi. Tsatsar ganye ƙurajenta ƙanana ne zagayayyu, ita ce ta fi yaɗuwa a duniya, ɓarnarta ba ta cika zama ta gaba ɗaya ba, sai dai kusan kowace shekara tana gutsurar rabonta. Ta uku ita ce rawayar tsatsa, wadda take jera ƙurajenta layi-layi a tsawon ganye. A da an san ta da wurare masu sanyi da tuddai, amma daga wajen shekarar 2000 aka fara ganin wasu nau'o'inta da suke jure ɗumi fiye da na da, suka shiga yankunan da ba a saba ganinta ba.

Akwai wata ɗabi'a ta tsatsa da za ta yi mana amfani nan gaba: ba ta iya rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Ba ta cin mushe. Wannan ne ya sa wuraren da ake samun ɗanyar alkama a gona duk tsawon shekara, kamar tuddan Gabashin Afirka, suka zama gidanta na dindindin.

Tsohuwar abokiyar gaba ce ƙwarai. Mutanen Rum na da har wani biki suke yi ranar 25 ga Afrilu, mai suna Robigaliya, suna yanka don neman tsari daga gare ta.

Nau'o'i: tushen rikicin

A farkon ƙarni na 20 ne wani masani a Jami'ar Minnesota ta Amurka, E. C. Stakman, ya nuna cewa tsatsar kara ba abu ɗaya ba ce. A ido duk kamarsu ɗaya, amma a cikinta akwai nau'o'i dabam-dabam, wani yana iya cin wannan irin alkama ya kasa cin wancan. Bayansa, a shekarun 1940 da 1950, wani masani mai suna H. H. Flor ya fito da dalilin, ko da yake a kan tsatsar wani tsiro dabam ya yi nasa aikin.

Ga yadda abin yake. Siffofin kowane tsiro suna rubuce a cikin ƙwayoyin gadonsa, wato 'yan umarnin da ɗa yake gada daga iyaye. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado aikinsu gadi ne. Kowane mai gadi fuskar ɓarawo ɗaya ya sani. Da tsatsa ta kutso ɗauke da alamar da mai gadin ya sani, sai ya yi kururuwa, tsiron ya kashe 'yan sassan jikinsa da suke kewaye da wurin. Tun da tsatsa ba ta cin abin da ya mutu, sai yunwa ta kashe ta a nan take. Abin da ido zai gani shi ne ɗan tabo fari-fari kawai, babu ƙurji. Amma ranar da aka haifi tsatsar da ta rasa wannan alama, ko alamar ta ɗan sauya, mai gadi yana tsaye za ta wuce ta gabansa bai ce uffan ba.

Sabon nau'i yana fitowa ta hanyoyi da dama. Cikin biliyoyin ƙwayoyin tsatsa da gona ɗaya take fitarwa, ba a rasa 'yan kaɗan da aka haifa da sauyi. Akwai kuma wata bishiyar ƙaya mai suna barberi, wadda a kanta ne tsatsar kara take barbara ta cakuɗa gadonta. Saboda haka ne bayan annobar 1916 Amurka ta shiga tumɓuke wannan bishiya daga 1918, aka cire miliyoyi. A 2010 aka gano rawayar tsatsa ma tana iya barbara a kanta. Wani lokaci kuma nau'in ba sabo ba ne a duniya, baƙo ne kawai da iska ta kawo, ko ya maƙale a tufafin matafiyi, kamar yadda ake kyautata zaton ta haka rawayar tsatsa ta shiga Ostireliya a 1979.

Sai dai haihuwar sabon nau'i kaɗai ba ta kawo annoba. Mu ne muke share masa fili. Idan iri ɗaya ya yi farin jini ya rufe miliyoyin hekta, duk sauran nau'o'in tsatsa sun rasa abinci, wanda ya iya wuce mai gadin nan shi kaɗai ya gaji gonakin ƙasa duka. Gwargwadon nasarar iri, gwargwadon saurin da yake kiran ajalinsa. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi wuyar haɗiyewa a cikin batun baki ɗaya.

Gwaji na farko: jarirai a ɗakin gilashi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tantance iri na nufin a ɗauki alkama a haɗa ta da cutar da gangan, a tsaya a ga abin da zai faru.

Ana farawa da 'yan tsirrai masu kwana 7 zuwa 10, ganyen farko ya buɗe. Masu bincike suna da garin tsatsa na nau'o'in da aka sani, kowanne a ajiye shi kaɗai cikin tsananin sanyi don kada ya mutu ko ya gauraya da wani. Sai a ɗebo nau'i ɗaya, a dama shi da wani mai mara nauyi, a fesa wa tsirran, a sa su cikin akwatin raɓa su kwana cikin duhu da laima. Washegari a mayar da su ɗakin gilashi. Bayan kamar mako biyu a zo karatu.

Ma'aunin karatun, wanda ya samo asali daga Stakman, yana tafiya daga 0 zuwa 4. Sifili, babu ko tabo. Ɗaya da biyu, ƙananan ƙuraje da mataccen nama ko rawaya ya kewaye, alamar tsiron ya yi faɗa. Uku da huɗu, manyan ƙuraje suna zubar da gari a kan lafiyayyen ganye, alamar an wuce mai gadi. Idan aka maimaita da nau'o'i da yawa, tsarin inda iri ya tsaya da inda ya faɗi yakan tona wane mai gadi ne a cikinsa.

Ana kuma juya gwajin ta ɗaya gefen domin a gane ita cutar. Akwai wasu ire-iren alkama 20, kowanne ɗauke da mai gadi ɗaya da aka sani. Idan aka kawo samfurin tsatsar kara daga wata gona, sai a fesa shi a kansu duka, a raba su gida biyar na huɗu-huɗu, kowane gida ya ba da harafi ɗaya gwargwadon waɗanda suka faɗi. Daga nan ne sunaye masu haruffa biyar irin su TTKSK suke fitowa. Mai karanta jarida zai ga kamar tarkacen haruffa ne, alhali ga wanda ya san aikin jerin sunayen masu gadin da wannan nau'i ya kayar ne. Manyan wuraren da ake wannan aiki sun haɗa da ɗakin binciken cututtukan hatsi da ke St. Paul a Minnesota, da cibiyar tsatsa ta duniya da ke ƙarƙashin Jami'ar Aarhus a Denmak.

Gwaji na biyu: fili

Ɗakin gilashi yana da tsabta da sauri, amma akwai juriyar da ba ya gani sam, wadda ba ta bayyana sai tsiro ya girma. Don haka dole a fita fili.

A filin gwaji kowane iri yana samun ɗan gajeren layi ko biyu. A tsakaninsu da kewayensu ana shuka iri mai rauni da gangan, wanda aka san tsatsa tana so, domin ya zama tukunyar cutar. A wasu filayen har allura ake yi wa karan waɗannan layuka da ruwan garin tsatsa, a riƙa yayyafa ruwa da yamma domin raɓa ta samu. Manufar ita ce kada wani iri ya tsira don sa'a. Idan layukan masu rauni ba su lalace sosai ba a wannan kakar, to sakamakon filin gaba ɗaya abin zargi ne, domin tsabtar sauran ba ta nuna komai.

Daga fitar zangarniya zuwa lokacin da ƙwaya take cika, mai karatu yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abu biyu: kashi nawa cikin 100 na kara ko ganye tsatsa ta rufe, da kuma kamannin ƙurajen, ko ƙanana ne da tsiro ya taushe, ko manya ne da suka sake jiki. Ana zagayowa sau biyu ko uku ko fiye, domin saurin hawan cutar ya fi adadin rana ɗaya muhimmanci. Iri biyu za su iya ƙarewa da tsatsa a jikinsu, amma ɗaya ta rufe shi tun ƙwaya tana ruwa-ruwa, ɗayan kuwa ba ta kai ko'ina ba sai da ƙwayarsa ta riga ta cika.

Aiki ne na ido da ƙafa da haƙuri, a cikin rana, layi dubbai. Ina ganin ba a ba waɗannan mutane girman da ya kamace su. Sunan da yake fita a jarida na wanda ya saki iri ne, amma hukuncin wane layi zai rayu da wanda za a zubar yana hannun mai riƙe da littafin karatu a tsakiyar fili.

A yau akwai mataki na uku, wato duba gadon tsiro kai tsaye a ɗakin bincike daga ɗan guntun ganye, a ga ko yana ɗauke da wani mai gadi da aka sani. Yana rage wahala ƙwarai, musamman idan ana son a tara masu gadi da yawa a iri ɗaya. Amma abin da aka riga aka sani kaɗai yake nunawa, bai maye gurbin fili ba.

Me ya sa ake kai irin duniya Kenya?

Bayan annobar 1953 da 1954 da ta yi wa alkamar Amurka da Kanada mummunar ɓarna, an duƙufa. Norman Borlaug, masanin noma ɗan Amurka wanda ya fara aiki a Meksiko a 1944 ya kuma samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1970, da yaƙi da tsatsar kara ya fara. Daga baya wani mai gadi mai suna Sr31, wanda aka ɗauko daga wani hatsi ɗan'uwan alkama, ya shiga irin alkama masu yawan gaske a duniya, ya yi kusan shekara 30 babu nau'in da ya wuce shi. Aka saki jiki. Kuɗin bincike ya ja baya, har aka samu matasan masana da ba su taɓa ganin annobar tsatsar kara da idonsu ba.

A 1998 aka ga manyan ƙuraje a kan alkama mai Sr31 a Yuganda. A 1999 aka tabbatar, aka raɗa wa nau'in suna Ug99, shi ne TTKSK ɗin da aka ambata a sama. Ya bayyana a Kenya a 2001, Habasha a 2003, Yaman a 2006, Iran a 2007. Borlaug ya je Kenya a 2005 ya ga filin da idonsa, ya tayar da duniya. Gwaje-gwajen farko sun nuna kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na irin alkamar da aka kawo daga sassan duniya ba su da kariya.

To, yaya ƙasar da cutar ba ta iso ba za ta gwada irinta? Ba za ta shigo da garin Ug99 ta watsa a filinta ba, wannan ganganci ne. Sai aka juya lissafin, aka riƙa kai irin inda cutar take. Tashar bincike ta Njoro, kusa da Nakuru a Kenya, ta zama fagen jarrabawar duniya, tare da haɗin gwiwar hukumar binciken noma ta Kenya da cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, mai hedikwata a Meksiko. Dubun-dubatar layuka daga ƙasashe da yawa suna ratsa filin nan, kaka biyu a shekara. Tashar Debre Zeit a Habasha ta ɗauki irin wannan aiki, musamman ga alkama mai taurin ƙwaya. Ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Kanada da Ostireliya sun san matsayin irinsu a kan Ug99 ba tare da ya taka gonakinsu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Njoro ta kuma nuna yadda cutar take gudu. A 2006 aka samu reshen Ug99 da ya wuce Sr24, a 2007 wani ya wuce Sr36, dukansu masu gadin da aka fara jingina da su bayan faɗuwar Sr31.

Darasin Digalu

Idan ana neman misali ɗaya da ya amsa tambayar da muka fara da ita, Habasha ce ta ba da shi. A 2010 rawayar tsatsa ta afka wa manyan irin ƙasar, Kubsa da Galema, bayan wani nau'i ya wuce mai gadinsu. Akwai wani iri mai suna Digalu da ya tsaya kyam a wannan shekarar, kuma gwaji ya nuna yana jure Ug99. Manoma suka rungume shi, aka yawaita shi da sauri, ya mamaye babban kaso na gonakin alkamar ƙasar. Babu wanda ya yi kuskure a nan bisa abin da aka sani a lokacin.

A ƙarshen 2013 tsatsar kara ta ɓarke a yankin Bale, kuma Digalu ta fi ci. A wasu gonaki kusan babu abin da aka girba. Da aka kai samfurin ɗakin bincike sai aka tarar nau'in TKTTF ne, wanda ba dangin Ug99 ba ne ma. Kariyar Digalu daga tsatsar kara a kan mai gadi ɗaya ta dogara, wannan baƙon kuwa ya san hanyar wuce shi. Idon kowa yana ƙofar gaba inda Ug99 yake, ɓarawo ya shigo ta baya.

Shi ya sa idan aka ce iri "yana jure tsatsa", maganar ba ta cika ba sai an ƙara: wace tsatsa daga cikin ukun, waɗanne nau'o'i, a wace shekara aka gwada, kuma masu gadi nawa ne suke riƙe da shi.

Juriya kala biyu da saɓanin masana

Duk abin da aka faɗa a kan mai gadi ya shafi juriya kala ta farko: ƙwayar gado ɗaya mai ƙarfi, tana aiki tun tsiro yana jariri, tana barin ganye fes. Tana da sauƙin gani, da sauƙin sakawa a sabon iri, kuma tana burge manomi. Aibinta shi ne ranar da ta faɗi, gaba ɗaya take faɗuwa.

Kala ta biyu ba ta hana tsatsa shiga, tafiyarta take ragewa. Ƙurji ya makara wajen fitowa, ya fito ƙarami, ya ba da gari kaɗan. Galibi sai tsiro ya girma take bayyana, kuma ba ta cika damuwa da wane nau'i ne ya zo ba. Sanannu a cikinta su ne Sr2, wanda wani masani ɗan Amurka, Edgar McFadden, ya shigar cikin alkama a shekarun 1920 daga wata tsohuwar 'yar'uwarta, da Lr34, wanda yake rage tsatsa ukun duka, kuma ya shafe shekaru da dama a gonakin duniya bai faɗi ba. Sai dai kowace ɗaya daga cikin waɗannan ita kaɗai ba ta isa ba idan cuta ta yi yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kyautata iri a CIMMYT sun nuna cewa sai an tara huɗu ko biyar a iri ɗaya kafin a samu kariyar da ta kusa cika. Tara su kuwa aiki ne mai cin shekaru, domin gwajin jarirai ba ya ganinsu, sai an yi ta kai-kawo da layuka tsakanin Meksiko da Njoro.

Masana sun rabu a kan wadda za a fi ba ƙarfi. Masu goyon bayan kala ta farko suna cewa matsalar ita ce sakin mai gadi shi kaɗai. Idan aka haɗa uku ko huɗu masu ƙarfi a iri ɗaya, sai tsatsa ta sauya alamu uku ko huɗu a lokaci guda kafin ta wuce, abin da yake da wuyar gaske. A 2021 wasu masana a Ostireliya da abokan aikinsu suka sanar da ɗaure ƙwayoyin gado biyar wuri ɗaya a cikin alkama ta hanyar sarrafa gado, suka nuna kariya mai ƙarfi daga tsatsar kara, ko da yake dokokin ƙasashe da ƙyamar da jama'a da yawa suke yi wa amfanin gona da aka sarrafa gadonsa sun tsaya a gaban wannan hanya. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa ɗaurin nan ba ya aiki sai kowa ya kiyaye. Idan wata ƙasa ta saki ɗaya daga cikin masu gadin shi kaɗai, wata ta saki na biyu shi kaɗai, tsatsa za ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta tarar da ɗaurin ya riga ya kwance.

A nawa ganin, ga manomin da ba ya iya sauya iri duk bayan shekara uku, kuma ba shi da tabbacin samun maganin feshi ranar da yake bukata, kala ta biyu ce ya kamata ta zama harsashi, a ɗora masu gadi masu ƙarfi a kanta. Sai dai akwai cikas na ɗabi'ar mutum. A ranar baje kolin iri, layin da yake fes shi ne yake jan ido, wanda yake da ɗigo-ɗigon tsatsa kuwa a wuce shi. Kwamitocin amincewa da sabon iri ma suna iya faɗawa wannan tarko. Sau da yawa mai ɗigon nan shi ne zai kai shekara goma a gona.

Iyakar abin da gwaji yake iya faɗa

Gwaji yana ba da labarin nau'o'in da aka gwada da su ne kawai, ba ya duba gaibu. Zafi da sanyi suna sauya aikin wasu masu gadi, wanda ya tsaya a wuri mai sanyi ya iya sassautawa a wuri mai zafi. Irin da yake nuna da wuri yana iya tsere wa cutar a ɗauka juriya ce. Idon masu karatu biyu ma yakan bambanta. Maganin duk wannan shi ne maimaitawa a wurare da yawa da kakanni da yawa, tare da sintiri a gonakin manoma ana tattara samfuri domin a san wane nau'i ne yake yawo a bana. Tantancewa ba tare da sintiri ba kamar jarrabawa ce da tambayoyin shekarun baya.

Ga kuma lokaci. Daga haɗa iyaye biyu zuwa sakin sabon iri akan ɗauki wajen shekara 10, sannan a ƙara shekarun yawaita shi har ya ishi manoma. Tsatsa kuwa kaka ɗaya ta ishe ta. Ƙasashen da suke ganin sun rabu da ita ma ba su tsira ba: a 2016 tsatsar kara ta lalata dubban hekta a tsibirin Sisili na Italiya, annobar da Turai ta daɗe ba ta ga irinta ba.

Ina wannan ya bar manomi da mai saye?

Alkama tana ba ɗan'adam kusan kashi ɗaya cikin biyar na abincin da yake ƙarfafa jikinsa, kuma ƙasashe da yawa sayenta suke daga waje. Annoba a babbar ƙasa mai noma tana taɓa aljihun wanda bai taɓa ganin gonar alkama ba.

Maganin feshi yana aiki a kan tsatsa idan aka fesa da wuri, kafin ta hau ganyen ƙarshe na sama da kara. Amma yana cin kuɗi, kuma a shekarar annoba kowa yake nemansa a mako ɗaya. Babban manomi yana da shi a rumbu. Ƙaramin manomi sau da yawa sai ya ga ja a gona zai fara neman bashi, kafin ya samu an makara. A wurinsa juriyar da take cikin ƙwayar iri ita ce kariyar da ba ta neman ya sake fitar da kuɗi a tsakiyar kaka, kuma shi ne ya fi kowa asara idan ta faɗi ba labari.

Akwai abubuwan da suke hannunsa. Kada ya zuba gonarsa duka a iri ɗaya idan yana da zaɓi, kuma gara waɗanda ya zaɓa su kasance kariyarsu ba ɗaya ba ce, domin iri biyu masu suna dabam suna iya dogara da mai gadi guda. Ya tambayi malamin gona shekarar da aka gwada irin a ƙarshe, da wace tsatsa. Ya cire alkamar da ta tsiro da kanta bayan girbi, domin a kanta cutar take jiran kaka mai zuwa. Ya riƙa shiga tsakiyar gona yana duba ƙasan ganye da kara, kada ya tsaya a bakin hanya. Idan ya ga manyan ƙuraje masu zubar da gari a kan irin da aka ce yana jurewa, ya kai rahoto a ranar, a zo a ɗauki samfuri tun garin yana da rai. Ug99 ma haka aka fara ganinsa, wani ne ya lura da ƙurji a kan layin da bai kamata ya yi ƙurji ba.